Wa A Ke Yi Wa Dariya? Wasannin Kwaikwayon Malam Aminu Kano

Ya ku 'yan makaranta, mun san babu wanda bai taɓa jin sunan Malam Aminu Kano ba a cikinku. Wanda ya je Kano ya ji an ambaci sunan a filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa. Wanda ya zauna da tsofaffin garinsu da dare kuwa ya sha labarin NEPU da Sawaba har barci ya ɗauke shi. Amma da za mu shiga aji mu ce, "Wa zai gaya mana abin da mutumin nan ya rubuta sa'ad da ya ke ɗan makaranta kamarku?" da wuya yara biyu su ɗaga hannu.

To, ga amsa. Tun bai cika shekara 20 ba ya ke rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa don 'yan'uwansa 'yan makaranta su yi. Waɗannan wasanni su mu ke so mu auna yau, mu faɗi inda suka yi kyau, mu kuma faɗi inda mu ke da magana. Shi kansa bai ƙyale kowa ba wajen faɗin gaskiya, saboda haka ba mu ga ya dace mu yi masa kirari kurum mu tashi ba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, daga zuriyar Gyanawa ya ke, gidan da aka sani da ilmin shari'a, shi ma kuwa ya yi aiki a ɗakin shari'ar Alƙalin Kano. Ku riƙe wannan da kyau. Yaron da ya tashi inda a ke maganar shari'a safe da maraice, kunnensa ya saba da jin mai ƙara da wanda a ke ƙara, kowa yana kawo hujjarsa. Wasan kwaikwayo kuwa a kan wannan ya ke tsaye, watau mutum biyu su ja, mai kallo ya zama alƙali.

Ya yi karatun allo a gida, ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan ya tafi Kwaleji. Kwalejin nan mu mutanen ƙasar Katsina muna da rabo a cikinta, gama a Katsina aka buɗe ta a 1922, aka kwashe ta zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, ita ce a ke kira Barewa. Da ya gama a 1942 aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Bauci. Can ya tarad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma ƙulla abuta da Malam Sa'adu Zungur, shahararren mawaƙi, mai kaifin harshe. A 1946 aka tura shi London ƙaro ilmin koyarwa. Bayan komowarsa ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma kai shi Maru ya shugabanci makarantar horad da malamai.

A 1950 ya ajiye alli ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na shekarar, ya zama shugabanta a 1953. An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko a 1959, ya yi kwamishina zamanin Janar Yakubu Gowon, ya kafa jam'iyyar PRP a 1978, Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afril, 1983. Wannan duk kwa same shi a littafin tarihi. Mu bari mu koma wurin yaron nan na Kwaleji da alƙalaminsa.

KWAIKWAYO BA BAƘO BA NE

Kada ku ɗauka Turawa suka koya mana kwaikwayo. In azumi ya kwana goma, wa ya ke koya wa yaran Kankiya tashe? Wa ya nuna musu yadda za su liƙa gemun auduga, su ɗaura tsumma a ciki, su yi tafiyar tsoho? Bayan kaka samarin ƙauye su kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, su yi shari'ar wasa. Matan fada suna da wasan gauta, inda su kan kwaikwayi sarki da fadawansa. 'Yan kama kuwa su kan zauna kamar malamai, su karanta babin tuwo da miya, jama'a na faɗuwa don dariya. Duk waɗannan mun gaje su kaka da kakanni.

Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu, da raba wasa kashi-kashi, da shirya fage 'yan kallo na zaune. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitad da littafin wasanni shida na Hausa don makarantu, mafi yawansu daga tatsuniyoyi aka tsamo su. Littafin ya yi amfani, don shi ya nuna wa malamai yadda a ke zuba wasa a takarda. Sai dai tatsuniya ba ta ɓata wa kowa rai. In an yi wa Gizo dariya, ba wanda zai kwana da fushi a fada ko a barikin Joji.

Nan ne Malam Aminu ya bambanta. Tsakanin 1938 da 1941 ya rubuta gajerun wasanni waɗanda masu binciken adabin Hausa suka ƙiyasta sun kai wajen 20. Ya bar dajin Gizo da Ƙoƙi, ya shigo gari, ya ɗauki ɗan kasuwa da mai karɓar haraji da ma'aikacin En'e ya tsai da su a fage. A kalankuwa, in gari ya waye, sarkin wasa ya kan tuɓe rawani ya ɗauki fartanya, magana ta ƙare. Wasan Malam Aminu kuwa so ya ke mai kallo ya tafi gida da maganar a ransa. Biyu daga cikin wasannin nan sun fi shahara, su za mu duba.

WASAN KASUWA

Na farko sunansa "Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba?" Yana nuna yadda 'yan kasuwa marasa tausayi ke cutar mutanen ƙauye in sun shigo birni.

Wannan magana ba sai an yi mana tafinta ba. Hanyar Katsina zuwa Kano ta ratsa Kankiya, Kusada kuwa tana gabas da ita, dab da iyakar ƙasar Kano. Tun da reluwe ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kakanninmu suka shiga ɗora buhuna a kan jakai, ga auduga, ga fatu da ƙiraga, suna nufar inda sikeli ya ke. Manomi ya yi wata biyar yana fama da ƙasa, amma a rana guda a ke yanke darajar wahalarsa, kuma da lambobin da bai iya karantawa ba. Mai awo ne ke duban sikeli, shi ke faɗin nauyi, shi ke faɗin kuɗi. Dillali ya cire la'adarsa. In manomi ya juya zai sayi turmin alawayyo ko gishiri, a sāke yi masa wani ƙulli. Ba sabuwar cuta ba ce, tun da akwai sura guda cikin Alƙur'ani mai girma da ta yi kashedi ga masu tauye mudu. Mutumin da Malam Aminu ya sa a tsakiyar wasansa, ashe, kakan wani ne a cikinku.

Ku dubi sunan wasan da kyau, don nan gwanintar ta ke. Ba marubucin ke magana ba, macucin ne, kuma ba ya ɓoye cutar, taƙama ya ke da ita. "Kai wane ne?" ita ce tambayar da a kan jefa wa duk wanda ya nemi haƙƙinsa alhali ba shi da kowa. Ɗan wa ne kai? Wa ya tsaya maka? A ƙofar hakimi a kan ji ta, a ɗakin shari'a a kan ji ta, har a bakin asibiti. Yaro ɗan shekara 18 ya saurari ƙasarsa, ya tsinci kalmomi uku da suka tattara ciwonta, ya maƙala su a goshin wasansa. Wanda ya iya wannan ya iya rubutu.

Amma akwai rami a irin wannan wasa, mu kuwa mun taɓa faɗawa cikinsa. Wata shekara, a makarantar da muka koyar a nan ƙasar Kankiya, muka ba yara labarin wasan nan muka ce su shirya nasu a kan wannan magana don bikin ƙarshen zango. Yaron da ya fito a baƙauye ya sa yagaggiyar hula, ya karkace harshe, ya shigo yana kallon benaye baki buɗe har ya yi tuntuɓe. Wanda ya fito a dillali kuwa ya sha babbar riga da tabarau, bakinsa kamar zuma. Da ya lanƙwame rabin kuɗin, sai yara suka ɗauki tafi. Mu ma muka yi dariya, ba mu ɓoye muku ba.

A bayan fage akwai iyaye da suka zo daga ƙauyuka. Da aka tashi, wani dattijo ya zo muka gaisa, ya ce, "Malam, yaran nan sun iya. Haka a ke yi mana." Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Sai a sa'an nan muka gane abin da muka aikata. Mun tara 'ya'yan manoma, mun koya musu su yi wa ubanninsu dariya, su tafa wa ɓarawo.

Da shekara ta kewayo muka sāke wasan. Muka hana yagaggiyar hula da karkace harshe. Muka sa a fara da manomin a gida, yana lissafi da matarsa: kaza na haraji, kaza na kayan ɗakin 'yarsa, kaza na biyan bashin iri. Da aka miƙa masa kuɗin a kasuwa, ya ƙirga sau biyu, ya san ba su cika ba, ya ɗaga kai ya duba hagu da dama, ba wanda zai kai wa ƙara. Wurin ya yi tsit. Dariyar ba ta ɓace ba, wuri ta sāke, ta koma kan dillali sa'ad da ya shiga rantse-rantse yana share gumi.

Abin da muka koya ke nan, shi ne kuma ma'aunin da mu ke so ku riƙe. Duk wasan da kuka gani, ko a fage ko a majigi, ku tambayi kanku, wa a ke yi wa dariya? Ba'ar baƙauye tsohuwar ɗabi'a ce a wurinmu, ba ta da wuya, kowane sakarai ya iya ta. Juya dariya ta hau kan mai ƙarfi shi ne aiki. Rayuwar Malam Aminu duka ta shaida gefen da ya tsaya. Shi ne ya ɗauki kalmar "talaka", wadda dā a ke faɗa da raini, ya yi ta nanata ta a dandali har mutane suka riƙa kiran kansu da ita ba da kunya ba.

WASAN HARAJI

Na biyu sunansa karin magana ne, "Ƙarya Fure Ta Ke, Ba Ta 'Ya'ya", yana magana a kan nauyin harajin da a ke ɗora wa mutanen karkara.

Ku yaran yanzu ba ku ga haraji ba, bari mu gaya muku yadda ya ke. Kowace shekara a kan ƙidaya mazajen da suka balaga a yanka musu kuɗi, masu shanu kuma su biya jangali a kan kowane kai. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali, Gwamnati ta ɗauki kasonta. Hannuwa da yawa ke nan, kuma ba kowane hannu ke da tsarki ba. Wanda ya kāsa biya ya kan sayad da akuya ko hatsin da zai ci da damina, wani ya gudu ya bar garin.

A ganinmu wasannin nan biyu ɗaya ne aka raba. Haraji da tsabar kuɗi a ke biyansa, kuma da kaka a ke nemansa, lokacin da kowa ya kawo amfanin gona, kaya suka yi araha. Mai karɓar haraji shi ke kora manomi kasuwa a gurguje, ɗan kasuwa kuwa ya san mai gaggawa ba ya ciniki. Da manomi na da halin jira wata uku, da ya sayar da daraja. Yaron da ya rubuta wasa a kan kasuwa, ya koma ya rubuta a kan haraji, ya ga igiyar da ta ɗaure su. Manya da yawa a zamaninsa ba su gan ta ba, ko kuwa sun gani sun yi shiru.

Sunan ma ya dace da masu kallo. Manomi ya fi kowa sanin fure da ba ya 'ya'ya, don ya sha ganin wake ya yi fure fal, ruwa ya ɗauke, furen ya zube. Ba ya bukatar a fassara masa. Marubuci ya ɗauki maganar da mutane suka riga suka yarda da ita, ya ɗora ta a kan abin da ba su da ikon faɗa da bakinsu. In an tuhume shi, ai karin magana ce, kowa na faɗi.

Ga kuma abin mamaki. A watan Oktoba na 1979 gwamnoni biyu na jam'iyyarsa ta PRP, watau Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, ba a ba ta jiharta ba sai 1987, saboda haka sokewar ta iso Kankiya da Kusada. Abin da ɗan makaranta ya yi wa ba'a a fage, bayan shekara 40 ya faɗi da sa hannun almajiransa. Wanda ya ce wasa wasa ne kurum, sai ya sāke tunani.

MISALI DAGA ƘASAR INDIYA

Domin ku san abin nan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba, bari mu ƙetara zuwa Bangal, a gabashin Indiya, wadda ita ma Ingilishi suka mulka. Kun san baba, wanda a ke rini da shi a marinar Ƙofar Mata. To, a Bangal Turawa masu kamfanin baba su kan ba manoma kuɗi tun kafin shuka, sa'an nan su tilasta musu shuka baba a gonakinsu mafi kyau maimakon shinkafa, su saya da arahar da bashin ba ya biyuwa. A 1859 manoma suka ƙi, rigima ta tashi.

Wani ma'aikacin gidan waya, Dinabandu Mitra, wanda aikinsa ya sa ya zaga ƙauyuka ya ga abin da idonsa, ya rubuta wasa da harshen Bangali mai suna Nil Darpan, watau Madubin Baba. An buga shi a Dakka a 1860 ba tare da sunansa ba. Da aka juya shi da Turanci a 1861, masu kamfani suka kai ƙarar wani ɗan mishan, Rabaran James Long, wanda ya ɗauki nauyin fitad da shi, aka ɗaure shi wata guda, aka ci shi tarar rupi 1,000. A 1872 da wasan nan aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na 'yan ƙasa a Kalkata, a 1876 kuwa Gwamnati ta kafa dokar da ta ba ta ikon hana duk wasan da ta ga zai tā da hankali. Hanyar ba ta toshe ba duk da haka. A 1938, daidai lokacin da Malam Aminu ke fara nasa, wani ɗan jarida kuma marubucin wasa, Sacindranat Sengupta, ya fito da wasa a kan Sirajuddaula, sarkin Bangal da Ingilishi suka ci da yaƙi a 1757, yana kiran Musulmi da Hindu su haɗa kai.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, mai mulki ya fi tsoron wasa da littafi, don littafi sai mai karatu, wasa kuwa har kurma ya gane. Na biyu, wasan Dinabandu an buga shi, shi ya sa har yau ɗan makaranta a Kalkata zai ɗauko shi ya karanta ya yi gardama da shi. Za mu komo kan wannan.

ALƘALAMINSA A JARIDA

Malam Aminu bai tsaya ga wasa ba. Tun yana saurayi ya rubuta wata ƙasida da Turanci yana kwatanta mulkin En'e da guduma a kan Kano, ya kuma riƙa aika rubutu ga jaridun Ikko, musamman West African Pilot, wadda Dokta Azikiwe ya kafa a 1937. A Bauci shi da Malam Sa'adu suna cikin masu zafi a taron muhawara da Turawa suka yarda a buɗe, wanda aka rufe bayan magana ta taɓa mulkin En'e da albashin sarakuna.

Me ya sa ya riƙe alƙalami biyu? Don masu sauraro biyu gare shi. Jaridar Turanci tana isa teburin Gwamna, har ta ƙetare teku, amma manomin Kusada ba ya ganinta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, tana shiga ƙauye, sai dai jaridar hukuma ce, kuma sai an sami mai karanta wa jama'a. Wasa shi ne jaridar wanda bai yi boko ba. Da ya shiga siyasa ma bai yar da dabarar ba. Waɗanda suka halarci laccarsa sun shaida yadda ya kan kawo labari da karin magana da raha, mutane na dariya, maganar na shiga. Fagen ne ya ƙara faɗi.

INDA MU KE DA MAGANA

Yanzu sai mu faɗi namu. Na farko, sunan wasan kasuwa ya yi shara da tsintsiya ɗaya. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke ci, fiye da shekara 500 ke nan. Da cuta kaɗai ke cikinta, da fataken Gwanja da Buzayen Azbin ba su yi ta komowa ba. Akwai fatoma da baƙo kan bar wa dukiyarsa shekara guda ba takarda ba shaida, ya dawo ya tarad da ita cif. Saurayi mai zafin zuciya ya kan ga baƙi da fari kurum. Wasa mafi ƙarfi shi ne wanda zai nuna ɗan kasuwa mai amana a rumfa ɗaya da macuci, a ga abin da gaskiyarsa ke jawo masa.

Na biyu, haraji yana da fuska biyu. Daga Baitulmali a ke biyan malaman Elementare da na Midil, a gina ɗakin shan magani, a haƙa rijiya. Bencin da Malam Aminu ya zauna a Midil ta Kano da kuɗin talakawa aka saye shi. Wannan bai wanke azzalumi ba, ya ma ƙara wa ɗan makaranta nauyin bashin da ke kansa. Amma marubucin da ya ke so a yarda da shi, wajibi ne ya ba abokin gābarsa hujja mai ƙarfi sa'an nan ya kayar da ita. In mai karɓar haraji dodo ne kurum, wasa ya zama wa'azi. In kuwa mutum ne da hakimi ke matsa wa, shi ma hakimin Joji ke matsa masa, sai mai kallo ya ga tsanin duka.

Na uku shi ya fi yi mana ciwo. Wasannin nan ba su fito cikin littafi ba. Ɗan makaranta zai sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau na 1949, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma ta Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979. Na Malam Aminu kuwa, waɗanda suka riga waɗannan duka, sunayensu da labarinsu a ke ta maimaitawa. A farko yana da uzuri, don mafi yawan littattafan boko na Hausa daga ofishin Gwamnati na Zariya su ke fitowa a wancan zamani, ba ma zaton za su yi murna da wasan da ke zolayar En'e. Amma ya rayu shekara 40 bayan haka, ya buga Motsi Ya Fi Zama a 1955, da tarihin Malam Sa'adu Zungur a 1973, da Hikayoyin Kaifafa Zukata a 1979. Siyasa ta cinye masa lokaci, ƙasa ta sami jagora, adabin Hausa ya yi hasara. Almajiransa da suka yi wasannin ma suna da nasu laifin. Mutanen Bangal sun adana madubinsu, mu namu sai labarinsa mu ke ji.

SAURA KU

To, samari da 'yan mata, ga abin da mu ke roƙonku. Malam Aminu bai jira ya zama babba ba, bai jira a ba shi izini ba. Abin da ya gani a garinsu ya rubuta, da harshen da ya sha a nono. Ku ma kuna da idanu. Sikelin gyaɗa ya tafi, amma tambayar nan ta "Kai wane ne?" ba ta tafi ba, kuna jinta a layin taki da wurin neman aiki. Ku saurari yadda mutane ke magana a kasuwar Kankiya da tashar mota, ku rubuta wasa ko na shafi huɗu ne.

In kun rubuta, ku kiyaye abu uku. Ku ba kowane mutum a wasan dalilinsa, har mugun. Ku duba wa 'yan kallo za su yi wa dariya, in kuwa kun ga mahaifinku ne da ya sayad da tunkiya ya saya muku littafi, ku yage ku sāke. Sa'an nan ku kwafe wasan cikin littattafai biyu, ku sa suna da shekara, ɗaya ku ba malaminku ya ajiye a makaranta, ɗaya ku kai gida a sa a adaka.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya gafarta masa kurakuransa, ya sāka masa da alherin da ya nufa wa talakawa. Ku kuma Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya tsare ku daga raina inda kuka fito, amin.